Gobarar Titi a Yamazaki: Tarihin Tsohon Wiskin Japan

A watan Afrilun 2024 kamfanin Suntory na ƙasar Japan ya ɗaga farashin kwalbar wiskinsa mai suna Hibiki, wanda ya shekara 30 a ganga, daga yen 160,000 zuwa yen 360,000. Ninki biyu da ɗoriya ke nan a tashi guda. Duk da haka farashin kamfani suna ne kawai, domin samun kwalbar a kan wannan kuɗi sai mai uwa a gindin murhu, kuma a kantunan ƙetare da wuraren gwanjo kuɗinta ya zarce haka nesa ba kusa ba. Abin mamakin shi ne, shekaru 25 kafin nan gangunan irin wannan giya suna jibge a rumbunan ajiya babu mai tayawa, masana'antu suna rufewa, masu su suna neman wanda zai raba su da kaya.

Mai karatu musulmi ya san hukuncin giya, ba sai an maimaita masa ba, kuma ba tallarta aka zo yi ba. Tarihin wata sana'a ce da Japanawa suka ɗauko daga Turai, suka yi shekara tamanin duniya tana yi musu kallon masu kwaikwayo, sannan suka zo suka kayar da malamansu a gasa.

Wiski ya fara shiga Japan da sunan kyauta. A 1854, lokacin da Kwamanda Perry na Amurka ya koma da jiragen yaƙinsa don tilasta wa ƙasar buɗe tashoshinta, cikin tsarabar da ya miƙa wa mahukunta har da gangar wiski. Daga nan 'yan kasuwa suka riƙa shigo da shi, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Sai masu haɗa magunguna suka shiga harkar jabu: a samo tsurar barasa, a zuba mata sukari da launi da kayan ƙamshi, a liƙa takarda mai rubutun Turanci, a kai kasuwa. Haka aka yi ta tafiya kusan rabin ƙarni.

Mutum biyu ne suka sauya wannan, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko Shinjiro Torii, ɗan Osaka, an haife shi a 1879. Yana yaro ya yi barantaka a shagon wani dillalin magunguna, inda ya koyi haɗe-haɗe, hancinsa ya goge. A 1899 ya buɗe shagonsa, a 1907 ya fito da wata giyar inabi mai zaƙi, Akadama, wadda ta karɓu har ta tara masa jari. Ɗan kasuwa ne na gaske, ya san bakin mutanensa. Na biyu Masataka Taketsuru, wanda aka haifa a 1894 a yankin Hiroshima, a gidan da suka gaji dafa giyar shinkafa. A 1918 wani kamfanin Osaka, Settsu Shuzo, ya tura shi Sikotilan ya koyo yadda ake yin wiski na ainihi.

Taketsuru ya yi rajista a Jami'ar Glasgow don karatun kimiyyar haɗa sinadarai, amma ilimin da ya je nema yana masana'anta. A 1919 ya sami 'yan kwanaki a Longmorn, sannan ya je Bo'ness inda ake yin wiskin hatsi, a 1920 kuma ya yi watanni a Hazelburn da ke garin Campbeltown. Komai ya gani sai ya rubuta, ya zana: siffar tukunyar jan ƙarfe, zafin wuta, tsawon lokacin da ruwan sha'ir ke ɗauka kafin ya tashi, har da albashin ma'aikata da tsarin aikinsu. Littattafan da ya cika su ne suka zama harsashin sana'ar a Japan. Ya kuma dawo da mata. A farkon 1920 ya auri Rita Cowan, 'yar wani likita daga Kirkintilloch, ba da son dangin kowane ɓangare ba. Suka iso Japan a ƙarshen shekarar, suka tarar tattalin arziki ya karye bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanin da ya tura shi ya janye daga maganar gina masana'anta. Sai da ya koma koyarwa a makaranta.

A 1923 Torii ya ɗauke shi aiki na shekara goma, a kan albashin yen 4,000 a shekara, kuɗin da ya tanada don ɗauko gwani daga Sikotilan. Tun a zaɓen wuri suka saɓa. Taketsuru yana son Hokkaido, can arewa mai sanyi, don ta yi kama da inda ya yi koyo. Torii ya ce a gina kusa da kasuwa, inda jama'a za su iya zuwa su gani da idonsu. Mai kuɗi ya yi rinjaye. Aka zaɓi Yamazaki, tsakanin Kyoto da Osaka, a gindin dutsen Tennozan, inda kogunan Katsura da Uji da Kizu suka haɗu suna ta da hazo. Ruwan wurin sananne ne tun ƙarni na 16, lokacin da Sen no Rikyu, babban malamin al'adar shan shayi, ya gina ɗakin shayinsa a yankin. A ƙarshen 1924 aka fara dafawa.

Mutanen ƙauyen sun rasa gane wannan masana'anta. Kullum amalanke na shiga da buhunan sha'ir, hayaƙi na tashi, amma shekara da shekaru ba a ga an fito da komai ba. Sai aka riƙa raɗe-raɗin cewa wani dodo ne a ciki yake cinye hatsin. Dodon kuwa kuɗin Torii yake ci, domin wiski ba ya sayuwa ranar da aka dafa shi. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a jiƙa da ruwan zafi, a sa yis ya tashi, a tace shi ta hanyar tururi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe. Abin da ke fitowa fari ne tas, mai zafi a maƙoshi. Launi da laushi da yawancin ƙamshi duk a gangar katako yake samun su, a hankali, kuma kowace shekara wani kaso yana bin iska ta jikin katakon. A Sikotilan ana ƙiyasta asarar da kusan kashi 2 cikin 100 a shekara. Inda bazara ta fi zafi, kamar Yamazaki, ta fi haka.

A 1929 suka fito da kwalbar farko, Shirofuda, mai farar takarda. Ta yi kwantai. Taketsuru ya yi ta ne irin ta malamansa, da ƙaurin hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi da ake ƙonawa wajen busar da tsiron sha'ir, Japanawa kuwa suka ce warin ƙonanne suke ji. Ga shi farashinta ya kusa kamo na wiskin Sikotilan. Torii ya ɗauki darasi: a yi abin da zai shiga bakin Bajapane. Taketsuru ya tsaya a kan cewa wiski na gaske shi ne wanda ya koyo. Aka mayar da shi kula da wata masana'antar giya a Yokohama, kuma da wa'adinsa ya cika suka yi hannun riga. A 1934 ya tafi Hokkaidon da yake so, ya kafa masana'anta a Yoichi. Kafin wiskinsa ya nuna sai da ya riƙa sayar da ruwan tuffa don biyan ma'aikata. Kwalbarsa ta farko ta fito a 1940, kuma kamfanin shi ne Nikka na yau. Shi kuwa Torii, wanda kamfaninsa shi ne Suntory na yau, a 1937 ya fitar da Kakubin, mai kwalba mai kusurwa huɗu, mai sauƙi a baki, wadda har gobe tana cikin waɗanda aka fi saye a ƙasar.

An saba tambaya, cikin su biyun wa ya fi gaskiya? A ganina kowannensu rabin gaskiyar yake riƙe da shi. Ba don taurin kan Taketsuru ba da an koma jabu. Ba don hancin Torii ba da sana'ar ta mutu tun 1929. Gabar da ta shiga tsakanin gidajen biyu kuwa ta haifar da wani abu da ya bambanta Japan da Sikotilan har yau. A Sikotilan masana'antu sun haura ɗari, kuma suna musayar ganguna a tsakaninsu: mai haɗi zai karɓo mai hayaƙi daga wannan tsibiri, mai zaƙi daga wancan kwari. A Japan Suntory ba ya neman komai wurin Nikka, Nikka ba ya roƙon Suntory. Dole kowa ya yi duk nau'in da yake buƙata a cikin gidansa. Shi ya sa in ka shiga ɗakin tukwane na Yamazaki za ka ga siffofinsu daban-daban, wata doguwar wuya, wata gajera, wata mai tumbi, kowace da irin ruwan da take bayarwa. Ana sauya yis, ana sauya ƙwaryar da ruwan ke tashi a ciki tsakanin ta katako da ta ƙarfe, ana sauya ganga. Suntory ya ƙara masana'antar wiskin hatsi a Chita a 1972, da ta Hakushu cikin dajin tsaunuka a 1973. Nikka ya gina Miyagikyo kusa da Sendai a 1969.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya rusa ƙasar, bai rusa wiski ba. Sojan ruwan Japan masu shan sa ne, don haka aka sa masana'antun cikin masu yi wa soja aiki, aka riƙa ba su sha'ir a lokacin da jama'a ke fama da yunwa. Rita ta sha wuya a Yoichi, 'yan sanda suna bin sawunta da zargin leƙen asiri. Bama-bamai sun cinye ofishin Torii a Osaka a 1945, amma gangunan Yamazaki sun tsira. Yaƙin ya kuma toshe hanyar shigo da ganguna daga Turai da Amurka, sai aka juya ga wani itace na gida, mizunara, ɗan uwan itacen da Turawa ke yin ganga da shi. Masassaƙa ba sa son sa. Ba ya tashi a miƙe, yana ɗaukar kusan shekara 200 kafin ya isa sara, jikinsa cike da ruwa, gangarsa kuma yoyo take yi. Wiskin da aka zuba a ciki da fari ya yi ɗaci da warin ɗanyen katako, aka yi watsi da shi a lungu. Sai bayan shekaru masu yawa da aka buɗe aka ji abin da ba a taɓa ji a wiski ba: ƙamshin sandal da na itacen udu, irin wanda ake ƙonawa a wuraren ibadarsu. Yau gangar mizunara tana cikin mafi tsada a duniya.

Bayan yaƙi wiski ya zama abin shan ma'aikacin ofis. Aka buɗe mashayun Torys, masu sayar da wiskin kamfanin Torii, a ko'ina cikin shekarun 1950. Gaskiya yawancin abin da ake sha a lokacin ba abin alfahari ba ne, domin doka ta raba wiski aji-aji, na ƙasa kuwa ɗigon wiski na ainihi ne a cikin tsurar barasa. Da arziki ya ƙaru aka hau sama. Keizo Saji, ɗan Torii wanda ya gaje shi, ya tura kwalbar Suntory Old har cikin gidajen cin abincin gargajiya, aka koya wa mutane sirka wiski da ruwa mai yawa da ƙanƙara don a ci abinci da shi. Mutum yakan sayi kwalba a mashaya, a rubuta sunansa a jiki, a ajiye masa sai ya dawo. A 1980 an sayar da katan sama da miliyan 12 na Old kaɗai. Masana'antu suka yi ta cika ganguna kamar kasuwar ba za ta taɓa faɗuwa ba.

Ta faɗi. Shekarar 1983 ita ce ƙololuwa. An ƙara haraji, matasa suka koma ga shochu, wata barasa ta gida mai araha, suna kallon wiski a matsayin abin shan iyayensu. A 1989 aka sauya tsarin haraji bayan ƙorafin ƙasashen Turai, wiskin Sikotilan ya yi araha a Japan. Ba a jima ba tattalin arzikin ƙasar ya shiga dogon matsi. Shekara 25 cur kasuwa tana zamewa, har a 2008 abin da ake sha ya koma kusan kashi ɗaya cikin biyar na 1983. Masana'antar Mars Shinshu ta kashe wuta a 1992. Hanyu da Karuizawa suka daina dafawa wajen 2000. Manyan ma suka rage aiki matuƙa.

A tsakiyar wannan faɗuwa aka haifi Hibiki, a 1989, don cikar kamfanin shekara 90. Saji ya ɗora wa shugaban masu haɗinsa, Koichi Inatomi, aikin fito da haɗi mafi kyau da rumbun zai iya bayarwa. Inatomi makaɗin goge ne irin na Turawa, kuma an ce wani kiɗan Brahms ne a ransa lokacin da yake aikin. Ya tattaro nau'in wiski wajen 30 daga Yamazaki da Hakushu, ya ɗora su a kan wiskin hatsi na Chita. Aka yi wa kwalbar fuska 24, adadin ɓangarorin shekara a tsohuwar kalandar Japan, aka liƙa mata takardar hannu ta garin Echizen. Mai shekara 21 ta biyo baya a 1994, mai shekara 30 a 1997. Lambar da ke jikin kwalba shekarun mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ne. In an rubuta 30, to babu ɗigon da bai kai 30 ba, wasu sun haura sosai.

Aikin mai haɗi a ɗan ɗaki ake yin sa, mai tsit, a gaban tebur cike da ƙananan kwalabe masu lamba, kowace daga ganga guda. Yana zuba kaɗan a kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, ya duba launi a hasken taga, ya sirka da ruwa don zafin barasa kada ya toshe hanci, ya shinshina, ya rubuta. Hanci ne ke yin yawancin aikin. In ya kai baki ma, tofarwa yake yi. Yakan bi samfuri sama da ɗari a yini. Don kada ɗanɗanonsa ya sauya, yana kiyaye abin da yake ci da turaren da yake shafawa. An san Seiichi Koshimizu, wanda ya riƙe muƙamin a Suntory shekaru da dama, da cin taliyar udon iri ɗaya kowace rana da azahar. Wanda ya taɓa ganin gwanar haɗa turaren wuta a Maiduguri zai gane sana'ar: ba itace mafi tsada ake cika kasko da shi ba, ɗan kaɗan ake sawa ya ɗaga sauran, sannan a rufe a bar shi ya kwana biyu ya haɗe. Haka mizunara yake a Hibiki, ɗan ƙanƙane ne. Gangar da ta taɓa ɗaukar giyar sheri ta Sifen tana kawo duhu da ɗanɗanon busasshen inabi. Ta Amurka tana kawo zaƙi mai laushi. Wiskin hatsi shi ne shimfiɗar da kowa ke zama a kai. In an gama haɗawa sai a sake mayar da shi ganga na watanni.

Masu ɗanɗana mai shekara 30 ba sa sirka ta da ruwa mai yawa kamar ta mashaya. Suna zuba ɗan kaɗan, su bar shi ya sha iska na wasu mintoci, wani ya ɗiga ruwa ɗigo biyu. Launinta na zuma mai duhu ne, ƙarfinta kashi 43 cikin 100. Abin da suka fi ambata a hanci shi ne busasshen ɓaure, mazarƙwaila, fata da tsohon katako. A baki kirfa da busassun 'ya'yan itace. Bayan an haɗiye kuma ƙamshin sandal ɗin nan ya daɗe bai tafi ba. Abin da alƙalan gasa suka fi yabawa shi ne babu ɗanɗanon da ya danne wani, alhali tsohon wiski sau da yawa katako ne ke cinye shi.

A nan gaba ta kai su, gobarar Titi. Gangunan da aka cika a zamanin haɓaka, aka rasa mai saye, suna nan suna tsufa, kuma masu haɗi sun sami abin zaɓe a yalwace. A 2001 wata mujallar wiski ta Birtaniya ta shirya gasar ɗanɗano ba tare da alƙalai sun ga kwalba ba, Yoichi mai shekara 10 ta zo ta ɗaya. A 2003 Yamazaki mai shekara 12 ta ci zinariya a wata gasa a London, a shekarar ne kuma fim ɗin Lost in Translation ya nuna Bill Murray yana tallar Hibiki mai shekara 17. A 2008 Japan ta haɗa biyu a gasar duniya: Yoichi ta lashe ajin wiskin masana'anta guda, Hibiki 30 ta lashe ajin haɗi. Hibiki 21 ta sake cin wannan kambu sau da yawa bayan nan. A gida kuma Suntory ya farfaɗo da kasuwa daga 2008 da tallar Kakubin da ruwan soda. Sai 2014 ta zo da abu biyu: marubuci Jim Murray ya ayyana wata Yamazaki a matsayin wiski mafi kyau a duniya, gidan talabijin na NHK kuma ya fara wasan kwaikwayo na kowace safiya, Massan, a kan rayuwar Taketsuru da Rita. Kantuna suka zama wayam.

Sai kwantan ya nuna ɗaya fuskarsa. Tun ran gini ran zane: wanda zai sayar da mai shekara 17 a 2018, tilas ya cika gangar tun 2001 ko kafin nan, lokacin da aka rage dafawa matuƙa. A 2015 Nikka ya janye kwalaben Yoichi da Miyagikyo masu lambar shekaru. A 2018 Suntory ya dakatar da Hibiki 17, bayan ya riga ya fito da Japanese Harmony marar lamba a 2015. Abin da ya rage ya koma hannun masu ɓoye kaya. Ichiro Akuto, jikan wanda ya kafa Hanyu, ya ceto ganguna wajen 400 da sabbin masu wurin ke shirin zubarwa, ya riƙa fitar da su a kwalabe masu hoton karta. Cikakken jerin kwalabe 54 an sayar da shi a gwanjon Hong Kong a 2019 a kan sama da dala 900,000. A 2020 Suntory ya saki kwalba 100 na Yamazaki mai shekara 55 ta hanyar ƙuri'a, kowace yen miliyan 3. Cikin watanni aka sayar da ɗaya a Hong Kong kusan dala 800,000. Yawancin irin waɗannan kwalabe ba za a taɓa buɗe su ba. Mai haɗi ya ƙarar da hancinsa ne don akwatin ƙarfen attajiri, kuma wannan, a ganina, cin fuskar sana'ar ne ko da an kira shi girmamawa.

Tsada ta kuma dawo da tsohuwar cuta. Dokar Japan ba ta hana mutum shigo da wiski daga Kanada ko Sikotilan a tanka, ya ɗura a kwalba, ya liƙa rubutun Japananci da hoton mayaƙi mai takobi ba. An yi ta yin haka. Sai a 2021 ƙungiyar masu masana'antun ta kafa ƙa'ida, ta ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2024: kafin a kira shi wiskin Japan, dole a yi shi da tsiron hatsi da ruwan ƙasar, a dafa a tace a Japan, ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a can, a ɗura a can, ƙarfinsa kada ya gaza kashi 40. Nikka da kansa, wanda ya mallaki masana'antar Ben Nevis ta Sikotilan tun 1989, ya fito ya bayyana cewa wasu sanannun kwalabensa ba su cika sharaɗin ba. Hibiki ta cika.

Yanzu tukwane suna aiki ba hutu, an ƙara rumbuna, sabbin ƙananan masana'antu sun ɓullo daga Hokkaido zuwa Kagoshima, a 2023 kuma Suntory ya ware yen biliyan 10 don gyaran Yamazaki da Hakushu. Amma gangar da aka cika a 2015, lokacin da aka farga, ba za a iya rubuta 30 a jikin kwalbarta ba sai 2045.